Wanda Ba a Karanta Waƙarsa Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 1905, Allah ya karɓi ran Emmerich Sandner a nan Munich, bayan ciwon huhu da ya kwantar da shi tun farkon sanyi. Shekarunsa ashirin da shida. Mai waƙa ne, kuma malamina.

Emmerich, ni ne Korbinian, mai hura wutar ɗumama ɗaki a gidan da ƙungiyarku ta marubuta waƙa ke taruwa. A can na fara ganinka. Jagoranku na zaune a gaban tebur, na hannun damansa kewaye da shi, kai kuwa kujerarka tana can bakin ƙofa, kusa da murhuna. Al'adarku ce mutum ba ya karanta waƙarsa da bakinsa. Sai ya ajiye ta gaban Jagora, wani ɗan'uwa ya miƙe ya ɗauka ya karanta. Shekara uku ina zuba itace, ban ga wanda ya miƙe saboda taka ba. In an tashi sai ka je ka ɗauki takardarka, ka ninke, ka ce mini sai da safe.

Sun ce laifinka shi ne kana koyar da leburori a makarantar yamma, waƙa kuwa ba ta kowa da kowa ba ce. Ina cikin leburorin nan. Da furfurata ka zaunar da ni a benci, ka riƙe hannuna muka ja baƙi na farko.

Wata rana na ce maka, "Malam ƙarami, ku dai ba ku iya faɗin magana kai tsaye ba ne? Kullum sai farar agwagwa a tafkin da ya daskare?"

Ka ce, "Baba, in na ce kaɗaici ya dame ni, cewa za ka yi in yi aure. In na ce agwagwa kuwa, sai ka kai ta gida ka kwana da tunaninta."

Na kwana da shi kuwa.

Ranar Asabar, kwana uku kafin rasuwarka, 'yata Walburga ta haifi namiji, jikana na fari. Ban san lokacin da na hau benenka ba, ina haki, ko hula babu. Na same ka kai kaɗai, murhu ya mutu. Ka yi murna har tari ya sarƙe ka. Na hura wuta, sannan ka nuna mini takardar waƙarka a kan tebur.

"Tunda yau bakinka ya buɗe, karanta mini."

"Ni? Zan yi mata kaca-kaca."

"Yi mata. Ban taɓa jin ta a bakin wani ba."

Na miƙe tsaye yadda na ga suna yi. Na bi ta da yatsa, na yi tuntuɓe nan da can, ba ka gyara mini ko ɗaya ba. Da na kai ƙarshe ka daɗe idonka a rufe, sannan ka ce, "Ashe haka take."

A maƙabarta mutum biyu daga ƙungiyarku suka zo, suka ajiye furanni, suka tsaya nesa. Da limamin coci ya tambaya ko akwai mai magana, na jira su. Ba wanda ya motsa, sai na sake karanta waƙar nan taka.

Ran Lahadi za a yi wa yaron baftisma, sunanka zai ci. Farin ciki ya cika mini ciki har ina jin kunyarsa, don wanda na fi so ya ɗauke shi ba ya nan.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka, Uwargida Ottilie, da ƙanwarka Hedwig a garin Passau. Allah ya ba su haƙuri. Kai kuma, ɗana kuma malamina, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya zaunar da kai kusa, ba a bakin ƙofa ba.

Korbinian Haslinger