Kafar Iska a Gidan Edelmira

Duk wanda ya zauna a unguwarmu, can gefen garin Río Gallegos, ya san Doña Edelmira Barría ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai jan ɗankwali da ke tafiya a karkace, kafaɗa ɗaya gaba, har ranar da babu iska. Sabo ne. Iskar garin nan ba ta jin kunyar kowa. Takan fizge ƙofar mota, ta kwashe shanya, ta biyo mutum ta ƙarƙashin ƙofa har cikin ƙashinsa. Mu dai tuntuni mun sallama mata. Edelmira ce kaɗai na sani da ta ɗauki abin gaba, ta kuma riƙe gabar har tsufanta.

Daga tsibirin Chiloé ta zo tana amarya, ta biyo mijinta Ubaldo Oyarzún, wanda ke bin ayarin masu askin tumaki daga wannan gandu zuwa wancan. A garinsu gidan katako ta tashi, da murhun itace, iska na shiga ta kowace tsaga. Saboda haka ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata wuta ma sai an bar mata hanyar shaƙa, tun da hanyar a buɗe take ko an so ko ba a so ba. Da suka zo nan Ubaldo ya gina musu gida da hannunsa, ɗaki bayan ɗaki, kwano a waje katako a ciki. Shi yana gini, ita tana bin bayansa tana toshiya.

Ragowar gashin tumakin da yake kawowa shi take wankewa, ta kaɗa zare, ta saƙa dogayen matasai da ake shimfiɗawa a gindin ƙofa. Tsagar taga ta cusa mata tsumma, ramin makulli ta liƙe shi. Idan aka yi aure a unguwa, wasu su kai tukwane, ita ta kai abin toshe ƙofa, kuma wallahi nata ya fi daɗewa ana mora. Mukan zolaye ta da cewa ranar da ta je aljanna sai ta duddubi gindin ƙofa kafin ta zauna. Ba ta dariya. Sai ta ce wanda bai taɓa kwana da jaririya mai tari a gidan kwano ba, shi ke da bakin wasa.

Jaririyar ita ce Nélida, 'yarsu ɗaya tilo. Ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, tana zaune da mijinta a ɗaya ɓangaren garin. Yarinya ce mai kirki, sai dai idan ta yanke magana ta yanke.

Tsufa ya fara kama Ubaldo ta ƙirji. Ƙurar rumfunan aski da sanyin asubahin da ya sha duk suka dawo masa a tari. Daga baya mantuwa ta biyo. Ya bar buta a kan wuta har ta ƙone. Wata safiya ya sa takalmansa ya fita bakin titi yana jiran motar masu aski, motar da ta daina zuwa tun Nélida na makaranta. Amma ba kullum ba ne. Yawancin ranaku garau yake, yana zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha a nan, ya zuƙa, ya miƙa wa matarsa, yana tsokanarta.

Nélida ta riga ta yi magana da wani gidan kula da tsofaffi kusa da wurin aikinta. Ta faɗa wa uwarta ƙarara cewa in aka sake samun wani abu, can za ta kai shi. Edelmira ta ce ta ji. Daga ranar ta shiga ɓoye duk abin da ya yi. Ƙonanniyar butar ma a bayan gida ta binne ta, ta sayo irinta sak. Burinta ɗaya ne a duniya, kada a fitar mata da miji daga gidan da ya gina.

A falonsu akwai hitar gas ta ɗumama ɗaki irin ta da, mai bututun hayaƙi da ya huda rufi. A bangon kuma akwai kafofin iska biyu masu ragar ƙarfe, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kamar kowane gida mai gas. Waɗannan kafofi su ne baƙin cikin Edelmira. A ganinta rashin hankali ne mutum ya toshe ko'ina sannan a zo a huda masa bango da gangan. Kuma kada wani ya yi saurin ganin wautarta. Da za a bi unguwar nan gida gida a tsakiyar sanyi, kwalin da za a zaro daga kafofin iska sai ya cika mota.

Kowace shekara kafin sanyi ya shigo, Don Fermín Levicoy mai gyaran gas yakan zo ya duba hitar. Mutumin tsibirinsu ne, shi ya sa suke wasa. A wannan shekarar ya durƙusa ya zaro kwali daga kafar ƙasa, ya ɗaga shi sama.

"Doña Edelmira, wannan kuma wace kyauta kika ajiye mini?"

"Ajiye shi inda ka gan shi, ɗan ɓarna. Kai ba a gidan kake kwana ba."

"Ni dai so nake in riƙa samun mai ba ni mate a gidan nan. Wutar nan iska take ci. In kin hana ta, hayaƙin ba zai hau bututu ba, cikin ɗaki zai dawo. Kuma ba ki ganinsa, ba ki jin warinsa."

"Abin da ba a gani, ba a jin wari, kai ya aka yi ka san shi?"

"Na san waɗanda ya ɗauka," in ji shi.

Ya nuna mata harshen wutar, ya ce muddin shuɗi ne lafiya lau, in ta ga ya koma rawaya ta kashe ta buɗe taga. Ya faɗi ciwon kai, ya faɗi jiri da yawan barci. Ta ce ta ji, ta kuma yi masa alkawarin ba za ta sake toshe kafofin ba. Kuma ta cika alkawarin har cikin watan Yuli, tsakiyar lokacin sanyi a nan wajenmu.

Yulin shekarar ya zo da mugun sanyi. Kujerar Ubaldo tana dab da hita, kafar ƙasa kuma tana dab da kujerar, iska na hurowa daidai idon sawunsa. Ta matsar da kujerar, ya mayar da ita, don nan ya saba zama. Tarin ya yi tsanani har yana riƙe haƙarƙari. Edelmira ta san cewa in ya kwanta asibiti da ciwon huhu, daga can ba gida za a dawo mata da shi ba. Ta daure kwana da kwanaki tana kallon ragar nan. Sannan ta ɗauko zare. Ta ce a ranta ai kwali aka hana ta, saƙa kuwa tana da 'yan hudoji. Ta saƙa ƙaramin matashi mai kauri, ta cusa shi ya zauna daram. Ta hau kujera ta rufe ta sama da tsumma.

Ɗakin ya yi ɗumi, tarin ya lafa. Tagogi suka riƙa zufa. Ubaldo ya shiga barcin rana mai nauyi, ita kuwa tana murna ya samu hutu. Kanta ya riƙa sarawa, ta ce tsufa ne. Abin da ba ta sani ba, iska ta lanƙwasa hular bututun a kan rufi, hayaƙin da ke samun fita ma ya ragu. Harshen wutar kuma yana can ƙasa bayan ƙaramin gilashi, sai an durƙusa ake ganinsa, ita kuwa gwiwoyinta sun daɗe da ƙin durƙuso.

Ranar da abin ya faru, bayan sun ci abincin rana ta fita sayen burodi. A hanya ta ji kanta ya washe, har ta tsaya hira da wata maƙwabciya. Da ta dawo ta tarar da Ubaldo a kujera, kai ya langaɓe, ƙoƙon mate a ƙasa. Ta kira shi, ta girgiza shi, shiru. Nan take maganar Fermín ta faɗo mata gaba ɗaya. 'Yar matar nan da ko buhun dankali ba ta iya ɗagawa, ita ta kama shi ta hammata ta ja shi har waje, ta kwantar da shi kan ƙanƙara, tana kiran maƙwabta da muryar da ba mu taɓa jin ta da ita ba.

Bai mutu ba. A asibiti suka sa masa iskar numfashi, washegari ya buɗe ido. Edelmira tana zaune gefensa Nélida ta shigo. Daga gidan take. Ta ciro matashin daga jakarta ta ajiye kan gadon, ta tambaya wa ya yi wannan.

Edelmira ta buɗe baki, amma ya riga ta.

"Ni ne," in ji Ubaldo. "Uwarki ta saƙa mini shi don bayana. Na ji sanyi a ƙafa, na cusa shi a ramin. Ta sama ma ni na hau."

"Ƙarya yake yi," in ji Edelmira. "Nélida, ni ce. Ni na saƙa, ni na toshe. Shi ko kujera ba ya iya hawa."

Nélida ta dube ta, idonta ya cika da ƙwalla.

"Mama, ya isa haka. Kin zaci ban san zancen butar ba? Kin zaci maƙwabta ba su gaya mini ya fita jiran mota ba? Kullum ke ce, kullum ke ce. Yau saura ƙiris ki rufa masa asiri har kabari, ke da shi."

Ta rantse, ta yi kuka, ta ce a kira Fermín a tambaye shi. Ba wanda ya kira shi. Ta daɗe tana yi wa mijinta ƙarya don ta kare shi, ranar da ta faɗi gaskiya sai ta rasa mai saye. Daga asibiti aka wuce da Ubaldo gidan tsofaffi. Ko takalmansa ita ta kai masa daga baya.

Fermín ya zo ya miƙe hular bututu, ya share ciki, ya duba kafofin, ya kunna wuta ya nuna mata shuɗin. Ya tattara kayansa ya tafi. Ta ce da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Ranar farko da suka samu keɓewa ita da Ubaldo a gidan tsofaffin, a ɗakin da yake rabawa da wani mutum da ba ya magana, ta hau shi da faɗa. Ta ce wa ya aike shi, ta ce ya kira 'yarsa yanzu ya warware. Ranar kansa garau yake. Ya bar ta ta gama.

"Tsohuwa, ke fa ba ki da lissafi. Ni ko ba yau ba nan zan ƙare, na sani, ba yaro ba ne ni. In aka ce ke ce, yarinyar nan za ta ce mu duka ba mu iya zama mu kaɗai. Sai a kwashe mu biyu, a rufe gidan. Ki bari ko ɗayanmu ya zauna a ciki."

"Gidan me, in ba ka ciki?"

"To ki riƙa share shi dai," in ji shi. "Ki kuma bar ramukan nan su sarara."

Ta bar su. Kullum da hantsi takan hau motar haya ta ratsa gari da ƙoƙon mate da ruwan zafi a jaka, ta zauna da shi har la'asar, ta dawo gidan da ba kowa. Mun ga yadda ta zube a 'yan watannin nan. Ta daina saƙa, ko bikin aure aka yi sai dai ta aika gaisuwa.

Mantuwar Ubaldo ta ci gaba da cinsa, kuma a baƙon wuri ta fi sauri. Ya manta sunayen gandayen da ya yi wa aski, ya manta mijin Nélida. Abu ɗaya ya maƙale masa. Saboda ya sha faɗa wa likita, ya faɗa wa masu kula da su, ya faɗa wa 'yarsa, sai maganar ta zauna masa a kai daram, ya manta cewa shi ya ƙirƙire ta. Yanzu ya yarda har zuciyarsa shi ya toshe kafar. Abin yana cinsa ƙwarai. Da ya ga Edelmira ta shigo sai ya kama hannunta, ido ya kawo ruwa.

Da farko takan gyara masa. Ta ce ba shi ba ne, ita ce, ta ba shi labarin tun daga zaren. Sai ya rikice, ya shiga kuka, ya ƙi cin abinci, masu kula da su suka roƙe ta ta daina tayar masa da hankali. Ta koma gida ta yi tunani, ta ga ko wannan gaskiyar ma ba a bar mata ba.

Har ya rasu, farkon shigowar sanyi na gaba, gaisuwarsu ba ta canja ba. Ta ajiye jaka, ta ja kujera, ya riƙe hannunta da hannu biyu.

"Ki yafe mini, tsohuwa. Saura kaɗan na kashe ki."

Ita kuma ta gyara masa bargo, ta ce, "Na yafe maka, tsoho. Sha mate ɗinka kada ya huce."