Ila Maƙeri da Marin Labaran

Shekara shida Ila Maƙeri yana ƙera mari na ɗaure ƙafa a Rigasa, tun zuwansa daga Gusau a 1981. Marinsa ba shi da makulli. Ƙusa yake dasawa ya dake kanta, sai kurfi, ƙarfen yankan ƙarfe, ke cire ta. Masu tsare mahaukata suna yabon aikinsa, shi ma yana taƙama.

Wata Laraba da hantsi Zuwaira, matar Labaran direba, ta tsaya a bakin maƙera. Tun hatsarin da ya kashe fasinjojinsa Labaran yake surutu shi kaɗai, 'yan'uwansa suka kai shi gidan wani mai magani.

"Baba Ila, kai ka ɗaure shi, kai za ka kwance. Ƙafar ta fara wari."

"Ni ƙarfe na sayar, 'yar nan."

"To zo ka ga inda ƙarfenka ya kwana."

Ya bi ta. Tun daga zaure suke jin dorina tana sauka. Labaran na kife a ƙasa, bayansa duk jini, marin ya nutse cikin nama, ƙudaje sun rufe.

"Ba shi muke duka ba, iskan muke duka," in ji mai magani.

"To iskan ne ke zubar da jini, Malam?" in ji Ila.

Ila ya durƙusa ya ɗora kurfi. Dorina ta tsage masa kunne. Wani ƙato cikin yaran mai magani ya sa masa gora a baki, haƙora biyu suka zube. Ya tofar, ya ɗaga masaba.

"Wanda ya sake taɓa ni, hannuna zai goce, ƙashin mutumin nan ya tarwatse. Kai za ka yi wa 'yan sanda bayani."

Suka ja baya. Bugu bakwai ƙusar ta fita. A baro aka tura Labaran zuwa titi, tasi ta kai shi asibiti. Ƙafar ta tsira, da ɗingishi.

Daga ranar Ila bai ƙara ƙera mari ba. Mata daga Mando, daga Kinkinau, suka riƙa sallama a maƙerarsa, ya ɗauki kurfi ya bi su kyauta. Marin da ya cire yakan mayar da shi fartanya, ya sayar, kuɗin ya sayi ƙwayoyin asibiti ga majinyacin da ba shi da hali.

In an tsokane shi da giɓi, sai ya ce, "Ai na Labaran ne. Ga shi can yana jan zugazugi, ku tambaye shi."