Sarkin Kwaɗin Greensboro ya kwanta dama

Da safen nan labari ya riske ni: Malam Isiyaku ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni na naɗa shi Sarkin Kwaɗin Greensboro a farkon shekarun tamanin, ba rawani ba tambari, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya ja da shi a kan sarautar.

Ɗaki ɗaya muka zauna a East Greensboro, can Amurka, muna ɗalibai. Ni ina karatun adabi, shi kuma don binciken digirinsa yana kiwon wasu kwaɗi shuɗɗa, kowanne bai fi babban yatsa ba, 'yan asalin wani kurmi a Kudancin Amurka da ake ta sarewa. Akwatin gilashi ya haɗa musu, kullum yana fesa musu ruwa don su zaci damina ce su yi ƙwai. Ruwan ma na rijiya, daga McLeansville, wani ƙauye a bayan gari, yake ɗebo shi a jarka.

Nakan ce, "Bazazzage, ka ƙetaro teku don ka yi renon kwaɗo?"

Sai ya ce, "Bakano, da ana sayar da su, da tuni ka buɗe rumfa."

Shekara biyu yana jira. Ranar da ya ga namijin ya goyo talibambam a bayansa, tuwo ya tuƙa mana.

Sai ya tafi taro na kwana uku, ya bar mini amanarsu. Jarka ta ƙare. Na ce ruwa ai ruwa ne, na cika butar alwalata a famfo na tsiyaya musu. Maganin da ke cikin ruwan famfo ya kashe 'ya'yan kaf.

Da ya dawo na ce masa sanyi ne. Ya sake farawa daga tushe. Sai da digirinsa ya ƙara shekara guda. Duk da haka bai fasa rage mini miya ba.

Bara na je duba shi yana kwance. Ya nuna mini hoton tattaɓa-kunnen kwaɗin nan a wani gidan adana dabbobi, ya ce kurminsu ya daɗe da zama gona. Na daure na faɗa masa gaskiya.

Ya yi dariya har da tari. "Ai na sani tun ranar. Butarka ka manta a kan akwatin."

Shekara arba'in ina ganin na fi shi wayo. Na yi kuskure.

Allah ya jiƙanka Isiyaku, ya yafe maka fiye da yadda ka yafe mini. Jama'a, don Allah ku sa shi a addu'a.