Uwaisu Garba da Tsutsotsin Kwatamin Challawa

Haihuwarsa

An haifi Uwaisu a garin Kumbotso a shekarar 1951. Mahaifinsa Malam Garba majemi ne, sunan mahaifiyarsa Uwani. Ya sauke Alƙur'ani, ya kuma yi firamare zuwa aji huɗu.

Aiki da aure

A shekarar 1975 ya auri Atika 'yar Dorayi, a shekarar da ta biyo kuma ya samu aiki a wani kamfanin jima da ke Challawa, aka sa shi a ramin farar ƙasa inda ake jiƙa fatu gashi ya zube, wuri mai zafi da turiri. Shekaru suka yi ta wucewa Atika ko ɓari ba ta yi ba. Dangi suka ɗora mata laifi, kawunsa ya rantse in aka yi Babbar Sallar 1983 ba ciki, sai Uwaisu ya sake ta.

Al'amarin tsutsotsi

A farkon shekarar 1983 wata malamar jami'a, Dakta Rifkatu, ta zo bincike a bakin kwatamin kamfanin, Uwaisu yake ɗebo mata laka. Ta nuna masa a madubin likita wasu tsutsotsi sirara kamar zare, ta ce tana zaton akwai wani sinadari a jikinsu, furotin, mai riƙe sinadarin kalsiyam, wanda in ya samu matsala ba sa jure zafi, ƙwansu kuma ya ragu. Uwaisu ya tambaye ta ko mutum ma haka ne. Ta ce masa: “Malam Uwaisu, ni tsutsa na auna, ban auna namiji ba. Kada ka bar aikin da ke ciyar da gidanka saboda maganata.”

Barin aiki

Duk da haka, ana saura mako guda Sallah, lokacin da kamfanoni ke ta rage ma'aikata, Uwaisu ya ajiye aiki da kansa, ya tsaya gaban kawunsa ya ce matsalar rashin haihuwar daga jikinsa take ba daga Atika ba, zafin ramin ne ya jawo ta. Kawun ya daina yi masa magana. Uwaisu ya koma dako a Na'ibawa, sau biyu kamfanin na aiko masa ya dawo aiki yana ƙi.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Sha'aban na 1989 bayan ciwon ƙirji, aka yi jana'izarsa a Dorayi, kawun nan nasa ne ya ja sallar. Har ya rasu babu likitan da ya tabbatar da zatonsa. Ya bar mata ɗaya, Atika, da 'ya'ya biyu da ta haifa masa bayan ya bar aikin: Binta da Lawal.