Bindigar Surukina da Ta Ƙi Tofar da Kwanso

Shekarun baya, lokacin rumfata ta gyaran keken ɗinki tana gefen babbar kasuwar Malanbil, mai ɗakina ta je ganin gida Gene ta dawo mini da wani ƙunshi cikin tsohon rawani. Ta aje shi gabana a hankali kamar mai aje ƙwai, ta ce, "Baba ya ce a ba ka ka duba."

Na kwance, sai ga wani ƙarfe mai nauyi, tsawonsa bai fi tafin hannu ba, da ɗan mariƙi mai dunƙulallen kai a gefe. Na juya shi gaba, na juya shi baya, na ce, "Wanga na wane irin keke na?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe sakatar bindigarsa ce.

Surukina manomi ne, gonarsa ta masara tana can bakin daji, inda birai ke ɗaukar ta kamar gadon ubansu. Yana da wata ƴar bindiga mai ƙananan harsasai, da takardunta cikakku na jandarma, wato jami'an tsaron ƙasarmu, ta fi aurenmu daɗewa a gidan. Aikinta mai sauƙi ne. In an harba, sai a ɗaga mariƙin sakata a ja baya, kwanson harsashin ya yi tsalle waje, a tura sabo ya shiga. To a damanar nan sai ta ɓullo da sabon hali. A ja sakata ta dawo ita kaɗai, kwanso na can maƙale ciki. Sai ya zura doguwar waya ta baki ya zunguro shi. Birai kuwa ba wawaye ba ne. Sun gane bayan ƙara guda akwai hutu mai tsawo, sai su koma gefe su jira, su dawo su ci gaba da ɓarna yana tsaye yana fama da waya.

Abin da ya sa ƙunshin nan ya yi mini nauyi, mai ɗakina ɗiyar fari ce. Tun da na aure ta, magana tsakanina da mahaifinta ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in ce, "Baba, kun tashi lahiya?" ya ce, "Lahiya lau, Malam, ina gajiya?" shi ke nan, kowa ya kalli ƙasa. Bai taɓa neman komai a wurina ba sai ran nan.

Kuma akwai wata a ƙasa. Ƴaƴansa maza sun daɗe suna so ya bar gonar bakin dajin ya dawo gari ya huta, shi kuwa ko zancen ba ya so. Mai ɗakina ta ce mini, "In bindigar ga ta mutu, da ita za su kama shi. Babban ƙanena ya riga ya ce ta tsufa, mai ita ma ya tsufa."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ƙarfe duk ƙarfe ne. Ni da ban taɓa riƙe bindiga ba, ko ƙarar fashewar tayar moto sai na dafe ƙirji. Na jiƙa sakatar cikin kananzir, na wanke tsohon maiƙo da ya daskare kamar ƙanzo. A bakinta na ga wata ƴar ƙugiya kamar farce, ita ke kamo gindin kwanso ta jawo shi. Na share ƙarƙashinta tsaf, na ɗiga man keke, na ba wani mai kabu-kabu ya kai Gene. Har na ce wa mai ɗakina ta gaya wa birai su nemi wata gona.

Saƙo ya dawo: Baba ya gode, Allah shi yi albarka, tana nan yadda take. Da saƙon da sakatar tare.

Na ce to, ƙugiyar ce ba ta da ƙarfi. Na cire ƴar naɗaɗɗiyar wayar da ke danna ta, na sa wata mai tauri daga cikin tarkacen kekuna, na ɗan wasa bakinta da magagari. Wannan karon saƙon da ya dawo ya fi na farko daɗin ji, don an ce an samu sauyi: yanzu ƙugiyar tana yago gefen kwanson ta fito da guntu, sauran yana ciki.

Ina da aboki, tsohon ma'aikacin gandun daji da ya yi ritaya ya koma sayar da buhunan albasa daura da rumfata. Kullum tare muke shan shayin hantsi. Na ba shi labari ina ɓata rai. Ya saurara, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Kai wane irin likita na, kana ba da magani ba ka ga maras lahiya ba? Don sakata anka aiko maka, sai ka ce sakata ke ciwo? Aika a kawo kwansayen da anka zunguro."

Aka kawo su cikin kwalin ashana. Ya zube su a tafin hannu, ya nuna mini. Kowane da ƙarzanen layi guda a jikinsa, daga tsakiya zuwa baki, kamar an ja da ƙusa.

Ya ce, "Ka gani? Irin wanga harsashi ba tsakiya aka bugunai ba, gefen gindi allurar cikin sakata ke bugu. In akwai harsashi ciki, shi ka tare ta. In babu, anka danna kunama, sai ta sari leɓen ramin da harsashi ka shiga. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ƙarfen shi lanƙwasa ciki. In anka harba, kwanso shi kumbura bayan wurin, shi maƙale. Wani na wasa da bindigar ga babu harsashi. Jikokinai na."

Mai ɗakina, da ta kawo mini abincin rana, tana tsaye tana ji. Ta ce ai ba mai taɓa ta. A ɗakinsa take rataye, in ya fita ya kulle, makullin yana aljihunsa.

Abokina ya mayar da kwansayen cikin kwali, ya miƙo mini, ya ce, "To, ka san wanda za ka hwaɗa wa. Allah shi ba ka sa'a." Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in sa magagari a wurin, don ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Lallashinsa ake yi ya koma mazauninsa.

Na ɗauko tsohon sandan allura na wani keke da ya mutu, ƙarfe mai tauri, na wasa kansa ya yi tsini a hankali, na goge shi har ina ganin fuskata. Da safe na hau moto na kama gudoro, wato hanyar kwalta, zuwa Gene. Gyaran bai dame ni ba ko kaɗan a hanya. Abin da nake ta juyawa shi ne, da wane baki mutum zai ce wa surukinsa shi ya lalata kayansa?

Na same shi ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida. Na durƙusa inda na saba. Ya shiga ciki ya fito da bindigar, ya zare gidan harsasai, ya leƙa, ya ce in leƙa ni ma da idona, kada in yarda da na kowa. Sannan ya ɗora ta kan tabarmarsa ya ce, "Matso, Malam. Daga can ba ka iya gyara ta." Ran nan na fara zama tabarma ɗaya da shi.

Ban sha wahalar nema ba. Da na shafa leɓen ramin, farcena ya kama wani ɗan tudu bai kai ƙwayar gero ba. Na sa gilashin da nake duba ƙananan ƙusoshi, na ga wurin ya lotsa daidai inda allurar ke sauka. Na shafa mai a sandan, na zura, na riƙa juyawa ina danna tudun sannu sannu. In juya kaɗan, in zare, in gwada kwanso. Ya ƙi. In sake. Gumi yana ɗiga ta gemuna, ba don rana ba. Shi kuwa yana riƙe mini gindin bindigar da gwiwoyinsa. Can sai na ji kwanson ya shige sulub. Na ɗaga bakin bindigar sama, ya faɗo da kansa kan tabarma. Na mayar wa sakata wayarta ta asali, don tawa ba ta da amfanin komai.

Sai ya ce, "Mi ya kawo shi, Malam?"

Na ce, "Baba, ƙarfe na, in ya daɗe yakan gaji."

Ya ce, "Ƙarfe ba ya tsufa wuri guda."

Na rasa mafita. Na kalli tabarma na ce, "Wai an ce, in ana danna kunama babu harsashi ciki, hakanan takan yi."

Nan take na fara da-na-sanin buɗe bakina. Sai ya ɗago hannunsa na dama ya shimfiɗa shi a iska tsakaninmu. Yatsun suna rawa, kaɗan dai, kamar ganye in iska ta ɗan motsa.

Ya ce, "Tun damanar bara ya soma. Kullum in na dawo masallaci da asuba, sai in rufe ƙofa, in auna wata ƙusa da ke jikin bango, in danna, in duba ko bakinta ya kauce. Na ce ran da ya kauce, to lokaci ya yi. Ban so yara su riga ni sani." Ya shafa jikin bindigar. "Ashe ina auna kaina, ita nike cuta."

Abin da na iya kawai, na zaro kwalin ashanar nan daga aljihu na aje gabansa. Na ce, "Baba, in za a gwada hannu da safe, a sa guda daga cikin waɗanga. Allurar ta sami abin sara, ba ta taɓa ƙarfen."

Ya kalli kwalin, ya kalle ni. Ya gane ban ce ya daina ba, ya kuma gane maganar ba za ta bar tabarmar nan ba. Ya sa shi cikin aljihu ya ce mu je gona.

A bayan gonar akwai wani ƙaton suri, babu kowa babu dabba a bayansa. Ya jingina sakaina a gindinsa, ya sa harsashi, ya miƙo mini wai mai gyara ke fara gwaji. Na karɓa, na runtse idanuna duka biyun, na danna. Ƙura ta tashi can saman surin, ko kusa da sakainar ba ta je ba. Na ja sakata, kwanso ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa yana ƙyalli. Ban taɓa jin daɗin ganin abu ya faɗi ƙasa kamar ran nan ba.

Ya ce, "Malam, birai za su so ka ƙwarai." Dariyarsa ta farko ke nan da na ji da kunnena. Ya karɓa, ya durƙusa da gwiwa guda, ya ja numfashi. Sakainar ta tarwatse.

Da na koma gida mai ɗakina ta tare ni da tambaya, na ce ɗan ƙarfe ne ya lanƙwasa, an miƙar da shi. Ban yi ƙarya ba. Masarar shekarar har gidanmu ta iso, kuma zancen dawowa gari ya kwanta.

Ya ƙara damuna masu ɗan dama a gonar. Wata safiya ina buɗe rumfa wayata ta yi ƙara, shi ne da kansa. Bayan gaisuwa ya ce, "Yau bakinta ya kauce. Ka zo ka raka ni ofishin jandarma in mai da musu ita." Muka je tare, ya miƙa ta da takardunta da hannunsa, ba wanda ya sa shi. Sai da muka fito ya kira babban ɗansa ya ce a gyara masa ɗaki a gari. Yanzu ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, shi ya sa ma nake iya ba da labarin.

Na koyi abin sana'a a wurin, ba na musu. Tun daga nan in tela ya kawo mini guntun keke a leda ya ce ga abin da ya lalace, sai in ce ya koma ya ɗauko keken duka, har da ƙyallen da ya ɓata. Amma ba wannan ke dawo mini ba in na tuna. Abin da ke dawowa shi ne tsoho shi kaɗai a ɗaki da safe, ƙofa rufe, yana auna ƙusa. Mu a waje muna ta shawarar yaushe ya kamata ya huta, ashe ya fi mu duka sa ido a kan maganar, so yake kawai a bar shi ya faɗa da bakinsa.

Ni ma yanzu furfura ta cika mini gemu. Da safe, kafin teloli su fara zuwa, nakan cire tabarau in ɗauki zare in gwada zura shi a allura. Wata rana ya shiga nan take, wata rana sai na yi ta lasar bakin zaren. Har yanzu dai yana shiga.