Saratu, wadda ta hana mu ɗauke Inna

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni, Saratu ta rasu jiya a gidansu a Bakura.

Tare muka yi sakandare a Mafara. Ita ta wuce Sakkwato ta zama mai gwajin ƙwaƙwalwa a asibiti, ni na tsaya koyarwa a Maradun.

Bara Innarmu ta faɗi tana alwala, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Mun kai ta asibitin da Saratu ke aiki ke nan Kawu Garba ya yanke hukunci, wai iska ce ta buge ta, a mai da ita ƙauyenmu Faru a yi mata hayaƙi. Har mota ya nemo. Kawu kuwa ko ganin wata sai ya yi gardama.

Saratu ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙi a bari ta yi wa Inna gwaji, a ba ta zuwa la'asar.

Gwajin sai wayoyi sun taɓa fatar kai, Inna kuma sabon kitso gare ta. Saratu ba ta nemi almakashi ba. Zama ta yi ta tsefe shi da hannunta, tana ta yi wa Inna hira alhali ba ta iya amsawa.

Kwamfuta ta auna motsin ƙwaƙwalwar, ta ware wanda ya yi sanyi da mai kuzari. Da likita ya duba, Saratu ta fito.

"Kawu, na'ura ba ta san gaibu ba. Amma mai kuzarin shi ad da rinjaye. Wagga tsohuwa akwai sa rai in an bar ta ana yi mata gashin ƙashi. Kak ku tai da ita."

Motar ta koma ba kowa.

Ganina da ita na ƙarshe a kasuwar Mafara ne, tana dafe da goshi. Na ce ta auna BP. Ta yi dariya: "Ke malama, wanzami ba ya son jarfa. Ce ma Inna ina nan tahe in ga tahiyarta."

Ciwon kan nan dai shi ya ɗauke ta, tun kafin a isa asibiti. Ita da ta auna kawunan mutane da yawa, ba a samu an auna nata ba. Wannan yana ƙona mini rai.

Yanzu haka Inna na tsakar gida tana gwada zuwa zaure ba sanda, don ta tarbi Saratu da ƙafarta. Tana da hawan jini, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Allah Ya jiƙan Saratu, Ya haskaka kabarinta, Ya sa hidimarta ta bi ta. Duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ya kuma roƙa wa Inna juriyar abin da zan faɗa mata.