Mitar Gidan Takaba

Ban taɓa mantawa da ranar da alƙalamina ya kusa kashe wa wata tsohuwa wuta a Badaguishiri ba. Tunda kun ce sai na ba ku labari kafin in miƙa makullin akwatin kayan aiki in tafi ritaya, to wannan zan ba ku, ko da yake ni ne mai laifi a cikinsa. Madam Rabi ga ta nan zaune, in na yi ƙarya ta tsayar da ni.

Bari in fara yi wa sababbin shiga bayani. A lokacin akwai tsarin da muke kira tsayayyen farashi, na gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Gidan da ke cikinsa, ko an ƙara wa kowa kuɗin wuta, shi nasa ba ya motsi. Sai umarni ya sauko daga sama cewa duk mai son ya zauna cikin tsarin, dole ya yarda a cire masa tsohuwar mita mai faifai, a saka masa sabuwa, wadda ke aika wa buro, wato ofishinmu na kamfanin wuta, lissafinta da kanta ba sai ma'aikaci ya je karantawa ba. Aka ba mu takarda mai gurbi uku: an saka, ba a tarar da mai gida ba, ya ƙi. Gurbi na biyu yana nufin za a sake komawa. Na uku kuwa rufe zance ne, ana fitar da gidan daga tsarin, kuma ba a mayar da shi.

Ni ne shugaban ayarin da aka ba Malbaza da Illela. Sunana Mamman Sani, amma a buron nan na Konni ba mai kirana sai da Sarkin Gaggawa, kuma ban ce an zalunce ni ba. Cikin bazara ne, zafi kamar a gasa gurasa a kan mota. Ranar Laraba muka shiga Badaguishiri, ga shi ranar Juma'a da tsakar rana za a rufe rajista.

Ƙa'idar aiki ita ce ka fara sauka wurin mai unguwa, ya haɗa ka da wanda zai nuna maka gidaje. Ni ban yi ba. Na ce wane mai unguwa, ni da na kafa turakun wutar garin nan da hannuna? Gaskiya ne kuwa, sama da shekara ashirin kafin nan, ina lebura, wata guda muka yi muna haƙa ramuka a unguwar. Kullum da azahar wani dattijo yakan kawo mana ƙwaryar fura daga gidansa, mu shanye mu tashi, ban taɓa tambayar sunansa ba. Da wannan ɗan sanin nake taƙama.

Dab da la'asar na iso wani gida mai zauren ƙasa, ƙofar a kare. Na yi sallama sau biyu, shiru. A ta uku sai muryar tsohuwa ta amsa daga can ciki.

"Amin, alaikumus salam. Sannunku da rana."

"Masu wuta ne, Inna. Mita za mu sauya. A yi mana magana da mai gida."

"Ku yi haƙuri, ɗana. Ba a shiga yanzu. Ku komo bayan wata biyu."

"Wata biyu? Jibi za a rufe. Mi ne sunan mai gidan ma?"

Sai ta ce, "Yana rubuce cikin takardarku."

Wallahi raina ya ɓaci. Tun safe nake fama da masu cewa sabuwar mita tana shan wuta da kanta, da masu cewa tana jin hirar mutum da matarsa. Na ɗauka ita ma cikinsu take, har da ƙarin rainin wayo. Akwai tabarmi da yawa a naɗe an jingine a bangon zauren, da butoci jere, na gan su da idona ban tsaya na yi tunani ba. Na ɗora takarda a gwiwa, na ja layi a gurbi na uku, na sa hannu, na wuce gida na gaba.

Washegari Alhamis da hantsi ina shan shayi a bakin buro, sai Madam Rabi ta leƙo ta taga. Ita ce sakatariyarmu mai shigar da takardu cikin na'ura, kuma 'yar Badaguishiri ce haifaffiya. Ni da ita kullum cikin tsiya muke, amma ranar ba ta yi dariya ba.

"Sarkin Gaggawa, zo nan. Ka san gidan wa ka rubuta wa ya ƙi?"

"Gidan wata tsohuwa mai taurin kai."

"Gidan Malam Ila ne. Wata biyu ke nan da rasuwarsa. Inna Tsahara takaba take yi. 'Ya'yanta maza sun zo gaisuwa sun koma biɗar kuɗi Abijan, ba namiji ko ɗaya a gidan. Da wa kake so ta buɗe maka ƙofa?"

Na ce, "To ai na tambaye ta sunansa, ta ƙi faɗa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai, ka taɓa jin uwarka ta kama sunan ubanka? Yana raye ma, balle yana ƙasa?"

Sai na ji shayin ya koma mini ruwan maɗaci. Ban taɓa ji ba kuwa. Har uwata ta bar duniya, "shi" take cewa, ko "mai gidan nan". Madam Rabi ba ta ƙyale ni ba, ta ƙara da cewa akwai ɗan firiji a gidan, a ciki tsohuwar ke ajiye nono, matan unguwa suna aikowa su sayi fura mai sanyi. Da shi take ci, da shi take sayen sabulu. In aka fitar da ita daga tsayayyen farashi ba za ta iya riƙe wutar ba, firijin zai zama akwatin ajiye ƙwarya. Ta ce jiya da yamma wani ya riga ya shigar da takardun Laraba, ita sai da safen nan ta ga sunan.

Na miƙe na shiga wurin Mushe Abdu, shugaban buronmu na lokacin, wanda muke kira Mushe da Faransanci, Allah ya ba shi lafiya inda yake. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa muke tsoronsa.

"Mushe, na yi kuskure. Ina so a yage takardar."

"Takardar da ka sa wa hannu ba a yage ta. Ta shiga na'ura, manyanmu na birnin Tawa sun gani."

"To a bar tsohuwa cikin duhu saboda wautata?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce hanya ɗaya ce. In aka saka sabuwar mita a gidan, ta yi magana da na'ura kafin ƙarfe goma sha biyu na Juma'a, sakawar za ta shafe ƙin. Amma sai magajiya ta dangwala hannu, kuma sai ni na rubuta takardar bayani cewa ƙarya na rubuta wa kamfani, a sa ta cikin fayil ɗina. Na ce ba ƙarya ba ce, kuskure ne. Ya ce, "Ta ƙi?" Na ce a'a. Ya ce, "To mi ka rubuta?" Na ja kujera na zauna na rubuta.

Da na tambayi mota ya ce ta aiki za ta Malbaza. Har na kai ƙofa sai na ji makulli ya faɗo a kan tebur. "Ka ɗauki tawa. In ka karce ta, takardar bayani ta biyu."

Juma'a muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da Madam Rabi da mita guda cikin kwali. Duk tsawon hanyar ba ta bar ni na huta ba. Muka wuce Malbaza tana karanta mini "sauri ya haifi nawa", muka bar babbar hanya tana tambayata ko a makarantar da na yi ba a koyar da gaisuwa. Na ci gaba da tuƙi, don mai laifi ba ya zaɓar bulala.

Wannan karon gidan mai unguwa muka fara. Na tuɓe takalmi na zauna a tabarma, muka gaisa gaisuwar mutane, aka tambayi gida da aiki da zafi, ni kuwa idona na kan agogo. Da na faɗa masa abin da na yi, bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Matambayi ba ya ɓata, ɗana. Tashi mu tahi." A ƙofar zauren ya tsaya, muka ɗaga hannu muka yi wa Malam Ila addu'a, abin da ya kamata in yi tun ranar Laraba. Madam Rabi ta shiga da takarda da tawada. Ta daɗe. Na san halin mata in an haɗu a gidan rasuwa, sai an yi kuka an share hawaye kafin a zo kan magana. Da ta fito idonta ja, ta ce an dangwala, kuma Inna ta ce in shiga tare da mai unguwa, ita tana ɗaki an saki labule.

Na fara hawa turke na yanke wutar gidan, na sauko na gwada na tabbatar babu komai a waya. Ku riƙe wannan, ko ana binku da gudu kada ku tsallake shi. Tsohuwar mitar tana jikin bangon ɗakin marigayin, ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano da ya yi mata da kansa don ruwan sama. An share ta fes, ko yanar gizo babu. Na kwance ta a hankali, na ɗaura sabuwa, na ɗaure wayoyi, na sa hatimi, na koma na mayar da wuta. Firijin ya yi gurnani ya tashi. Saura abu ɗaya, mitar ta sami layin waya ta gaida buro. In ta samu, ɗan fitilarta ja yakan koma kore.

Badaguishiri kuwa kun san cikin kwari take. Fitilar nan ta yi ta ƙifta ja. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Na kashe na kunna, ja. Na gyara 'yar sandarta na karkata ta gabas, ja. Zufa ta jiƙa mini riga, ba ta zafi kaɗai ba. Mai unguwa ya zauna a kan turmi yana jan carbi, ya ce in zauna, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce lokacinsa. Ni ina zan iya zama?

Ina cikin kai da kawowa sai Madam Rabi ta fito daga ɗakin da ƙwarya an rufe da faifai, ta ajiye a gabana. Daga bayan labule muryar nan ta ce, "Sha, ɗana. An rage maka yaji. Na tuna ba ka so."

Na tsaya da ludayi a hannu. "Inna, ina kika san ni?"

"Ba kai ne ba, shekarar da aka kafa itacen wuta? Kai ne mai ce wa Malam, Baba, a hwaɗa wa mai furar ga ta rage barkono, ba miya muka ce a kawo ba. Ya komo gida yana dariya har da riƙe ciki. Tun shekaranjiya na gane muryarka."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Wata guda na sha furar matar nan kyauta, har da ƙorafi, ranar da na dawo ƙofarta kuma abin da na saka mata ke nan. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Da kin gaya mini takaba kike."

"Da ka tambaya, da na hwaɗi. Ba ka tsaya ba. Ban damu ba. Na san za ka komo. Malam ya ce da ni tun wancan lokaci, wancan mai ƙara, bakinsa ne da zafi, zuciyarsa ba ta da komi."

Ni da ba na kuka ko a jana'iza, sai ga ni zaune a ƙasa cikin tsakar gidan mutane, hawaye na zuba cikin fura. Madam Rabi ta juya baya ta yi kamar tana duba takarda, kuma har yau, duk tsiyarta, ba ta taɓa yi mini gori da wannan ba. Ban ma ga lokacin da fitilar ta sauya ba. Wayata ce ta yi ƙara, Mushe Abdu ne. "Ta shigo. Saura minti kaɗan da ka sha kunya. Ka shanye abin da kake sha ka kawo mini motata." Har yau ban san yadda ya san ina shan wani abu ba.

Inna Tsahara ta zauna cikin tsayayyen farashi, firijinta bai tsaya ba. Bayan ta fita takaba, duk sanda aiki ya kai ni yankin Illela sai na ratsa na gaishe ta, kuma ba ta taɓa karɓar kuɗin furata ba.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Sabuwar mita tana gaya wa buro wutar da gida ya sha, amma ba za ta gaya muku an yi rasuwa a gidan ba, wannan sai ka tuɓe takalmi ka zauna a tabarma. Mutanenmu ba kasafai suke cewa a'a don ƙi ba, sau da yawa akwai abin da kunya ta hana su faɗa, suna jiran a tambaye su. Daga ranar ban sake jan layi a gurbi na uku ba sai na ce, "Lafiya dai?" na kuma tsaya na ji amsa.

Jiya da aka buɗe mini fayil ɗina don ritaya, akwai takardun yabo biyu ko uku a ciki, na bar musu. Takardar bayanin nan kaɗai na roƙa a ba ni.